Takardar da Ta Mayar da Maƙwabcinmu Baƙo

Shekarun baya, tun ba a yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba, na dawo gida Kalgo hutu daga jami'a, kaina cike da dokar ƙasa da ƙasa. Zango ɗaya kacal aka koya mana ita, amma in ka ji ni a bakin kasuwa sai ka rantse da ni aka zauna aka rubuta yarjejeniyoyin. Ko tuwo aka ajiye mini sai na san yadda na sako maganar 'yancin ƙasashe. Mahaifiyata takan saurara har in gaji, sannan ta ce, "To lauya, ci dai kada ya huce."

A cikin hutun nan ne aka sanar a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar ƙasa. Nan take maƙwabcinmu ya faɗo mini a rai. Maginin rumbu ne, ya kusa shekara talatin a Kalgo, matarsa 'yar gari ce, 'ya'yansu duk a nan aka yanke musu cibiya. Kowa ya san a ƙasar Zabarma ta cikin Nijar ya taso, amma ba wanda ya taɓa kallonsa a matsayin baƙo. Ko mai unguwa da aka ce ya kai sunayen baƙi bai tuna da shi ba. Ni ne na tuna.

Na same shi yana kwaɓa laka, na ce, "Baba, kana da takarda kuwa?"

Ya ce, "Wace takarda, ɗana? Ni laka nika taɓawa."

Na zauna na yi masa bayani har na ga tsoron da bai da shi ya shige shi. Sannan na ce ya kwantar da hankalinsa, akwai yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ni kuma na san ta. Na ari tafireta na buga shafi huɗu da Turanci. A layin farko na rubuta cewa shi ɗan ƙasar Nijar ne da yarjejeniya ta ba shi kariya. Ya dangwala yatsa, na kai ofishin masu tantance baƙi da kaina, ina tafe ina jin kaina.

Bayan kwana biyar aka kira mu. Jami'in dattijo ne mai sanyin magana. Ya ɗaga takardar ya ce, "Kai ka rubuta? Turancinka ya yi kyau. Amma yarjejeniyar nan kwana nawa ta ba baƙo ya zauna ba takarda?"

Na ce, "Casa'in, ranka ya daɗe."

"Shi kuma shekararsa nawa a nan?"

Na ce, "Kusan talatin." Ya ce, "Da ba mu san da shi ba. Yanzu ga shi a rubuce, ga yatsansa. Ba ni da ikon in ce ban gani ba." Ya ba magini mako biyu ya bar ƙasa.

A hanyar dawowa magini ya faɗa mini abin da ban tsaya na tambaya ba tun farko. A can Nijar ba shi da kowa. Iyayensa sun rasu, ƙauyensu ya watse tun wani fari, kuma can ɗin ma ba shi da takarda ko ɗaya. In aka kai shi bakin iyaka, su ma abin da za su tambaye shi ke nan. A littafinmu akwai ɗan babi kan irin waɗannan mutane, waɗanda babu ƙasar da ta amsa cewa nata ne. Na tsallake babin, don an ce ba zai fito a jarrabawa ba.

Magini bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Don alheri ka yi, ɗana." Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya bar wani rumbu da ya kai rabi, ya daina fita. Ni kuma na daina zuwa bakin kasuwa, kunya ta hana ni bin ko ƙofar gidansa.

Ana nan wata safiya mahaifiyata tana tsince wake, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kai, wai shi magini, shi na ɗan fari ga uwatai?"

Na ce, "Inna, mene ne haɗin wannan da doka?"

Ta ce, "Tahi ka tambayo dai. Ka tambayo kuma uwatai ɗiyar ina ta."

Na je ina ƙunƙuni. Ya ce e, shi ne na fari, mahaifiyarsa kuma daga Maruda ta ƙasar Gwandu aka kai ta aure Zabarma. Da na kawo amsa, mahaifiyata ta ture faifan ta dube ni kamar yadda ake duban wanda ya sa riga a bai-bai.

"To ina anka haihe shi in ba Maruda ba? Wace ɗiya ka haihuwar fari gidan miji? Goyon ciki ta zo gida, sai da ta gama wanka anka maishe ta."

Shi kansa magini bai taɓa tunanin haka ba. Mahaifiyarsa ta yi masa kunyar ɗan fari har ta koma ga Allah. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta zauna ta ba shi labarin haihuwarsa. A ɗakin kakarsa ta wajen uba ya girma.

Washegari ni da magini muka shiga mota zuwa Gwandu, daga nan muka ƙarasa Maruda. Mai gari ya tara dattawa a gindin bishiya. Wasu sun tuna an taɓa kai wata ɗiyar garin aure Zabarma, amma gidansu ya ƙare, ba wanda zai iya rantsuwa cewa ta dawo haihuwa. Har na fara fid da rai, sai wani tsohon wanzami ya ce magini ya matso. Ya kama haɓarsa ya juya fuskar wajen haske, ya bi tsagar kumatunsa da yatsa a hankali.

Ya ce, "Tsagar ga ta Zabarmawa ta, amma askar ta gidanmu ta. Ubana bahago na, tsagatai kullum karkata takai ta nan." Ya kira wasu tsofaffi biyu ya jera su kusa da magini. Zanen kowa daban, amma karkatar iri ɗaya ce, ko ni da ban san komai ba na gani. Ya ƙara da cewa, "Ubana kuwa bai taɓa ƙetare ƙasar Gwandu ba har ya mutu."

Magini ya zauna a ƙasa ya shafa kumatunsa. Sannan ya tambayi inda gidan kakanninsa yake. Aka nuna masa wani fili da aka shuka gero.

Mai gari ya sa aka rubuta shaida layi biyar da ajami, aka buga mata hatimi a Gwandu. Jami'in nan ya karanta, ya buɗe tsarin mulki ya nuna mini wurin da yatsa: wanda aka haifa a ƙasar nan kafin samun 'yanci, kuma ɗaya daga iyayensa ɗan asalin ƙasar ne, to ɗan ƙasa ne. Sannan ya ciro shafi huɗuna ya miƙo mini biro, ya ce in rubuta a ƙasa cewa na yi kuskure. Na rubuta, na sa hannu. Har yau ban yi rubutun shari'a da ya kai wannan amfani ba.

Yanzu in na ji masana a rediyo suna muhawara kan mutanen da ba su da ƙasa, wasu na cewa wurin haihuwa ya kamata a bi, wasu na cewa jinin iyaye, ba na tsalle in shiga kamar da. Na san dokokin nan suna da amfani, don a ƙarshe doka ce ta tsayar da magini a gidansa. Amma na ga yadda layi ɗaya ya kusa raba mutum da matarsa da 'ya'yansa, kuma da hannuna na buga layin, ban tambaye shi ko a ina aka haife shi ba. Abin yana sosa mini rai har gobe.

Kafin hutuna ya ƙare magini ya koma kan rumbun da ya bari. Ya hango ni ina raɓewa ta bayan danga, ya kira ni, ya nuna mini ramin laka ya ce in tuɓe takalmi in shiga.

Ya ce, "Taka, ɗana. Wanga aiki ko ka ɓata shi, ruwa za mu ƙara mu sake kwaɓawa."