Ranar da na shafa wa goge basilin

Shekarun baya ne, bakwai ko takwas, don haka ƙila wasu abubuwan sun gauraye mini. A yi mini uzuri.

Na gama jami'a ina jiran tafiya bautar ƙasa. Abokina kuwa da safe yana jan adaidaita, da yamma yana koyon goge wurin wani dattijo a Tarauni, su biyar. Shekara uku yana bi daga baya. Sai Baba, haka suke kiran dattijon, ya ce abokina ne zai ja gaba a wani suna a Gyadi-Gyadi. In bai yi kyau ba, ya koma baya sai yadda hali ya yi.

Ranar sunan da hantsi ya ajiye gogen a ɗakina ya fita aiki. Na duba tsagiyar, wato gashin wutsiyar dokin da ke ba da sauti, na ga wani farin gari ya manne mata. Na ɗauka datti ne. Na goge shi tas, na lakato basilin na shafa don ta yi sheƙi. Har daɗi na ji.

Bayan la'asar a ƙofar gidan sunan, abokina ya ɗora izga, bakan da ake gogawa da shi, ya ja. Shiru. Ya sake ja, sai ɗan huci. Baba ya karɓa ya shinshina, ya tambayi wanda ya yi wa goge kwalliya. Na ɗaga hannu kamar a aji.

"Malam mai digiri, ƙaro ka goge. Shi ke sa shi magana."

Na ce ko a wanke da sabulu, ba wanda ya kula ni.

Babban cikin 'yan koyon ya sassauta tasa tsagiyar, ya zare 'yan silalla ya miƙa. Sauran ukun ma haka, ba tare da an ce su yi ba. Baba ya haɗa ya ɗaure, ya goga ƙaro. Da yake izgar abokina ma ta sha mai, sai Baba ya miƙa masa tasa, ya zauna hannu sake.

Ban san kiɗa ba, ba zan yi da'awa ba. Amma da abokina ya ja, sauran huɗun suka amsa, sai na ji kamar mutum ne ke kuka yana dariya lokaci guda. Wata tsohuwa ta fito daga cikin gida ta kama waƙar, ta ce rabon da ta ji ta tun tana budurwa a ƙauyensu.

Da aka tashi, abokina ya miƙa wa Baba izgarsa.

"Riƙe, akwai biki a Hotoro ranar Asabar."

Tun daga nan, kafin in gyara abin da ban sani ba, sai na tambaya, wani lokacin har in gundura mutane.

In akwai wanda ya halarci sunan nan, don Allah ya gyara mini inda na kuskure. Ni dai na tuna kamar masu rabon waina ma sun tsaya cak, amma ƙila ni ne na daina ganin kowa.