Tirela a Bakin Lungunmu

Da can fili ne a gaban gidanmu a Gumel. Daga zaure kana hango kwaltar da ta nufi Maigatari. Sai wani mai hali ya sayi filin ya gina jerin shaguna masu hawa biyu, ya cinye shi tas, ko wurin jingine babur bai bari ba. Ɗan siririn lungu ɗaya ya rage mana, nan ne shigarmu, nan ne fitarmu.

Ya zo fa ya gaida Baba kafin a haƙa tushe. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Malam, za mu ɗan matse ku kaɗan."

Baba ya ce, "Ba komai."

Kowa a garin nan ya san irin wannan ba komai ɗin. Ta kunya ce. Dattijo ba ya cewa a'a a fuskar wanda ya durƙusa masa, kai ake jira ka gane ka rage da kanka. Shi kuwa ya naɗe ta ya sa aljihu. Duk ranar da na yi ƙorafi, sai a ce mini ai maigidan ya yarda.

Ana buɗe shagunan bakin lungunmu ya zama tasha. Mai mota ya toshe mana hanya, ya ce yanzu zai fito, ya shige ya zauna cinikin atamfa. Yaranmu in za su makaranta sai sun ratsa ta bayan mota su faɗa titi, ba su ga abin da ke tahowa ba. Na yi faɗa har aka fara cewa ba ni da haƙuri. Ni ne ma mara haƙurin.

Baba ya rasu wata Laraba da hantsi, jajibirin kasuwar Maigatari. Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, liman ya ce za a sallace shi bayan azahar a ƙofar masallaci, tsallaken titi. Muka ɗauko makara a kafaɗa. Muna isowa bakin lungu sai ga tirelar ɗaukar shanu ta gicciye, ta manne da bango, ko akuya ba za ta raɓa ta wuce ba.

Direban? Wai motar ce ta ƙi tashi, ya hau acaba ya tafi Gagarawa ɗauko bakanikensa, wayarsa a kashe. Majiya ƙarfi suka taru suka tura, birki ya kama gam. Muna tsaye da gawa a rana, jama'a na can tsallake sun yi sahu.

Baffa, ƙanin Baba, ya ce da ni, "Ba a ajiye gawa tana jiran direba. Ku sauke."

Muka sauke makarar ƙasa. Mutum biyu suka rarrafa ta ƙarƙashin motar zuwa wancan ɓangaren. Baƙin mai na ɗiga, ga warin kashin shanu. Na cire babbar rigata na lulluɓe likkafanin. Muna turawa suna ja, ƙafafun makarar na karce ƙasa. Mutumin da bai taɓa fita ƙofar gida ba hula ba, haka muka fitar da shi daga gidansa. 

Mai ginin ya zo gaisuwa da la'asar, ya yi doguwar addu'a, ya ce abin da ya faru tsautsayi ne. Na shafa, saboda idon mutane.

Da suka watse Inna ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan tabarma cikin mayafin takaba, carbi a hannu. Ba wanda ya gaya mata komai.

Ta ce, "Ina daga ɗaki na ji ana cewa ku ja, ku ja a hankali. Me ake ja?"