Hannun da Ya Ƙi Sakin Bul

A shekarun da aka tashi daga babban taron ƙasa da ya buɗe ƙofar siyasa, jam'iyyu suka cika gari, ni akawu ne a wani buro, wato ofis, a garin Agiye, ina da iyali da girman kan da ya fi kujerata. Abin taƙamata wasan bul ne, ƙwallayen ƙarfen nan da ake garawa su tsaya kusa da ɗan ƙwallon katako. Kullum bayan la'asar muna ƙarƙashin dogon yaro. Ni ne mai garawa, abokina kuwa, wani direba da ya girme ni, shi ke harbe ƙwallon abokan karawa. Shekara tara muna tare, in na saki bul ko kallon abokina ba na yi, don na amince da shi.

Sai ya shiga wata jam'iyya, ni ina wata. Mutanen buro suka fara yi mini raɗa cewa irinsu ba a ba su amana, har a wasa. Na yi dariya, amma maganar ta zauna. Ranar da mutanen Gidan Rumji suka zo karawa, bul na ƙarshe yana hannuna, na waiwaya na ga abokina yana murmushi, sai zuciyata ta ce me yake nufi. Na damƙe ƙarfen, na jefa, ya faɗi nesa, aka cinye mu.

Daga ranar hannuna ya kulle. In na durƙusa zan gara, yatsuna su manne da ƙarfen, gumi ya keto mini, jama'a na jira, ni na kasa saki kuma na kasa miƙewa. Tsoro nake ji ƙwarai, amma ban yarda tsoro ne ba. Na yanke cewa abokina ne ya yi mini asiri. Na je wajen wani mai magani a Gangara, na sha rubutu, na ɗaura laya a damtse, duk a banza. Wata rana abokin nawa ya biyo ni gida, ya kama hannuna ya duba, ya ce, "Ƙanena, ba abin da ya same ka, riƙon ne ya yi tsanani. Sassauta." Na fizge hannuna, na gaya masa a gaban matata cewa wanda ya ɗaure shi ya san kwancewa. Ya sa takalmansa ya fita.

Ba da daɗewa ba aka mayar da shi aiki Gidan Rumji. Sau da yawa na yi niyyar shiga mota in je, kunya ta hana ni. Ina cikin jinkirin labarin rasuwarsa ya iso. Bayan sadakar arba'in matarsa ta aiko mini da ƙwallayensa uku cikin tsumma, wai shi ya ce a ba ni. Na ɗauki ɗaya a tsakar gida ina kuka, ba ni da ƙarfin damƙewa, sai ya sulale daga hannuna ya gara sumul kamar dā.

Abin da na koya, hannu ba ya sakin abin da zuciya ta ƙulle. Ku da ke karanta wannan, in aikin da kuka iya ya soma gagararku, ku binciki tsoronku kafin ku zargi na kusa da ku. Ni hannuna ya warke, amma ba wanda zan nuna wa.