Littattafan Aikin Gidana da Takardun Mai Gyaran Esi

Shekarun baya, lokacin muna zaune a boskwata, ɗakunan ma'aikata na wani gida a Nassarawa GRA inda maigidana ke tuƙa Alhajin gidan, babban ɗana ya shigo da maganar fita ƙasar waje neman aiki. Ɗan fari ne, ni kuma irin tarbiyyar ƙauyenmu, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yabonsa a gaban idonsa ba. In zan yi maganarsa sai in ce "wannan yaron", ko da yake a lokacin har gemu ya tara.

Shekara bakwai ya yi yana gyaran firji da esi, na'urar sanyaya ɗaki, a wurin wani ubangidansa a Gama, har aka yaye shi da addu'a da goro. Da wuya a sami layi a unguwarmu da bai taɓa hawa tsani a cikinsa ba. To sai wani abokinsa ɗan Hotoro, wanda ya karanci kwamfuta, ya ce masa yanzu duniya ta koma can, masu rubuta manhaja ake nema, ya ajiye sifana ya kama makaranta.

Mahaifinsa bai so ba. Ya ce sana'ar da ke ciyar da mutum ba a juya mata baya. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ni ce na fi kowa zuga shi. Na gaji da wanke riguna masu baƙin mai. Ina so in ga ɗana zaune a kujera mai juyawa, hannunsa fes. Tun bai cika sati biyu a makarantar ba na gama faɗa wa mai dafa abincin maƙwabtanmu cewa injiniyan kwamfuta gare ni.

Wata uku ya yi yana zuwa. Kullum in ya dawo, abinci kaɗan yake ci. Rannan abokin nasa ya zo gaishe ni, yana dariya ya ce, "Umma, ɗanki fa ya fi kowa farin jini a ajinmu. Darasi bai shiga ba, amma duk esin makarantar ya tashe su. Malamai har lambarsa suke karɓa."

Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Washegari da hantsi na same shi a gindin mangwaron tsakar gida yana goge kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ashe sayar da su zai yi, mai saye zai zo ranar Asabar. Na tambaye shi ko kwamfutar yake so da gaske. Sai ya gaya mini gaskiya. Ya ce ƙasar da yake hari suna neman masu sana'arsa ma, har ya gani a jerin sana'o'in da suke buƙata. Matsalar ita ce suna son shaidar shekarun aiki: yaushe ka fara, a ina, wane irin aiki, wa zai tsaya maka. Ubangidan nasa kuwa mutumin kirki ne, amma bai taɓa rubuta komai ba. In ka tambaye shi shekara sai ya ce "shekarar da ruwa ya ci shagonmu".

"Umma, shekara bakwai na yi, amma a takarda ko kwana ɗaya ban yi ba," in ji shi.

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Domin na san inda shekarun nan suke. Suna cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa.

Ni da girmana na shiga makarantar yaƙi da jahilci a Kaura Goje. Malamarmu tana da doka guda: kullum kowace ta rubuta kwanan wata a saman shafi, sannan layi biyu kan abin da ya faru a gidanta. Wasu na rubuta girki, wasu suna. Ni ba na zuwa ko'ina, sai abin da nake ji yana ba mahaifinsa labari wajen cin tuwo. Sai na riƙa rubuta shi. "Yau wannan yaron ya sa esi biyu a gidan likita." "Yau ya zuba gas a firjin masu sayar da kifi." Na bar makarantar ma hannuna bai daina ba. Littafi tara.

Abin da ya hana ni tashi nan take shi ne, ba aikin kaɗai na rubuta ba. A ƙasan wasu shafukan akwai yabon da bakina bai taɓa furta masa ba. Ranar da aka yaye shi na cika shafi guda da shi.

Har ranar Juma'a ina jan ƙafa. Na yi tunanin yage shafukan, na ga kwanan watan zai tafi tare da su. Da safiyar Asabar, kafin mai sayen kaya ya iso, na ɗaure littattafan a ɗankwali na ba ƙanwarsa ta miƙa masa, ni kuma na tsiri wankin da bai kai ranarsa ba.

Azahar ta kusa. Sai ga shi ya zo ya tsuguna gefen baho, idonsa ja, yana ta murmushi. Bai ce komai kan shafukan ba, ni ma ban ɗago ba. Cewa kawai ya yi, "Umma, ashe ke ce sakatariyata." Na ce ya matsa, yana tare mini hanyar igiyar shanya.

Da littattafan nan ya bi gida gida, ya tuna wa kowa aikin da ranarsa. Hajiyar gidanmu ce ta fara rubuta masa wasiƙar shaida, wasu suka bi. Abokin nasa ya buga komai tsaf a kwamfuta, ubangidansa ya sa hannu yana mamakin wai ashe ruwan nan ya kai shekara biyar. Bai zo da sauƙi ba: sai da ya zauna jarrabawar sana'a, ya zauna ta Turanci sau biyu, an yi jira mai tsawo. Amma ya tafi, da sifanarsa. Abokin kuma yana nan Hotoro, daga ɗakinsa yake yi wa wani kamfanin waje aiki, ko jirgi bai hau ba. Kowa da hanyar da ta karɓe shi.

Abin da na koya shi ne, na kusa raba yaro da abin da hannunsa ya iya saboda ina ƙyashin wanki. Yanzu in ƙannensa suka zo da shawara, nakan fara kallon abin da suke yi in ba wanda ya sa su.

Littattafan takwas ne suka dawo akwatina. Na san wanne ne babu, mai shafin ranar yaye, na kuma san inda yake. Har yau ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.