Yadda Shafa'atu Ta Fito da Fuskar Baban Iya

A bakin Kawu Haliru na fara jin sunanta, ranar da ya same ni ina hawaye a tsakar gidanmu a Rawayya. "Share fuskarki," ya ce. "Gobe in kai ki Sabon Garin Gusau wurin Shafa'atu mai kwamfuta. Akwai faɗa, amma akwai aiki."

Ni ce mai ajiyar hotunan gidanmu, shi ya sa aka ɗora mini jera su shafi-shafi a kwamfuta don a haska da majigi a taron zumunci washegarin Sallah. Cikinsu akwai na maza goma sha biyu a kasuwar auduga. Ɗayansu mahaifin kakata ne, Iya Delu, wanda ya rasu tana goye. Ba ta san fuskarsa ba. Abin da innarta ta gaya mata kawai, yana da bille a kuncin hagu. Na yi mata alkawarin za ta gan shi a bango. Da na gwada haskawa, sai ga fuskoki kamar an shafa musu kunu.

Shafa'atu 'yar Tsafe ce, ɗiyar mai ɗaukar hoto. Tun tana firamare take tsamo hotuna daga ruwan wanki tana shanyawa a igiya. Da wayoyi suka kashe sana'ar, aure ya kawo ta Gusau, ta koyi kwamfuta tana da 'ya'ya uku, ta buɗe shagon da mutum huɗu ba sa juyawa a ciki.

Da muka isa shagon, ta dubi aikina ta saman tabarau. "Wa ya ba ki wanga hoto?"

"Yaya Mahadi ya turo ta waya."

"Shi fa?"

"Anti Saude ta tura masa."

"Awo! Kowa ya tura sai waya ta gutsiri rabonta. Sauran ƙanzo kika kawo min. Ina uwar hoton?"

Uwar hoton tana Kekun Waje, cikin akwatin Baba Sadiƙ, ƙanen kakanmu, wanda ya rantse ba zai ba kowa aro ba. Shi da kansa ya biyo mu Gusau, hoton na naɗe cikin ƙyalle, ya tsaya a kan Shafa'atu har ta gama kwafe shi a na'ura. Muka saka a shafi, ya fito tas. Na adana, na sake buɗewa, na faɗaɗa: kunu ya dawo. Na juyo na dube ta.

Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce manhajar ce ke matse hotuna wurin adanawa don fayil ya yi sauƙi. Ta nuna mini ɗan akwatin da ake dannawa a hana matsewar, ta ce a sake saka hoton daga tushe, don abin da aka matse ba ya dawowa. Sau uku ta sa na maimaita da hannuna. "Ya yi nauyi, Anti," na ce. "Bar shi da nauyinai, ɗiyata. A filashi za ki ɗauka, ba bisa kai ba."

Ranar taro bayan la'asar muka rufe tagogin zaure da tabarmi, aka tada janareta. Na jawo fuskokin ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kai faifai. A ta bakwai Iya ta miƙe ba sanda. Ga bille nan, a hagu, kamar jiya wanzami ya yi shi.

"Baba," ta ce a hankali. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo. "Ashe kunnuwan Haliru gado ne!"

Zaure ya kaure da dariya da guɗa.

Da na koma yi wa Shafa'atu godiya, ba ta bar ni na gama ba. "Abu guda nika roƙon ki," ta ce. "Sauran sha ɗayan nan ma ubannin wasu ne. Ki zagaya wurin tsofaffinku tun suna da rai, ki rubuta sunan kowa ƙarƙashin fuskarsa."