Kwabon da Na Yi wa Huji

Ni dai tun ina yaro wautata ba ta tsaya a kaina ni kaɗai ba, sai ta shafi na kusa da ni. Jiya ƙarar ƙusa a shagon kafinta ta tuna mini da babbarta.

Shekarar da soja ke shirin miƙa mulki ga farar hula ce, muna unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, damina ta yi nisa. Maganar gari ita ce kafin su sauka sai sun share duk masu kuɗin jabu. Wa ya faɗa? Oho. Ni dai a bakin famfo na ji, kuma na haɗiye ta ɗanya.

Kakana yana da gwangwanin taba cike da kuɗin zamanin Turawa: anini, ɗari, kwabo, kowanne da hujinsa a tsakiya. Kwabo ɗaya ne kawai a toshe, sumul, babu huji. Shi yake naɗewa a tsumma daban.

Sai ga wani Bayarabe daga Tarauni, tsohon akawun banki, ya fara zuwa zaurenmu da gilashin ƙara girma. Ya juya kwabon, ya kanne ido, yana neman wani ɗan harafi kamar ƙwayar gero. Wai shi ke nuna masana'antar da ta buga shi. Ya rubuta a ɗan littafi, ya ce, "Malam, wannan ba daidai aka buga shi ba. Ranar Asabar zan zo da mutum."

Jama'a! Ga littafi, ga "ba daidai ba", ga mutum ranar Asabar! Na gama lissafi: Bayaraben ɗan sandan ciki ne, kwabon jabu ne, Kaka zai tafi gidan yari da rawaninsa. Kwana uku ko tuwo ban ci ba. Kowace mota ta tsaya a bakin titi sai in ruga in ɓuya.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, na ce cikina ke ciwo. Na ɗauko kwabon, na kai bayan ɗaki, na ɗora kan turmi da ƙusa da dutse. Na fasa yatsa sau biyu. Amma na huda shi. A karkace, amma dai ya yi kama da 'yan'uwansa.

Asabar suka zo, ina maƙale a bayan ƙofa ina jiran ganin ankwa. Kaka ya warware tsumman. Bayaraben ya dafe kai, ya ce, "Wayyo, Malam! Injin ne ya tsallake shi, shi ya sa ake nemansa. Yanzu ai kwabo ne kawai." Baƙon da ya zo saye ko zama bai yi ba.

Yau jikokina ko kwabo ba su taɓa riƙewa ba, sai dai su gani a waya. Wannan kuwa yana aljihuna. Kaka bai dake ni ba, da ma dukan ya yi. Bayan sun tafi sai ya ɗaga kwabon, ya leƙo ni ta cikin hujin, ya dubi yatsana mai tsumma, ya ce:

"Ja'iri, shekara arba'in ina ɓoye kuskuren Bature, wani malami ya zo ya gyara masa. Ko ka san shi?"