Ramatou da Bahagon Yacouba

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a ɗan kantin abincin nan da ke kan hawan unguwar Highbridge a New York ya san Ramatou, ko da bai riƙe sunanta ba. Doguwar mace ce mai ƙarancin magana, kullum da ludayi a hannu da tsumma a kafaɗa. 'Yan Nijar suna kiranta Tanti, mutanen Najeriya kuma Maman Zaituna. A Tasawa aka haife ta, gidan masu matsar man gyaɗa, shi ya sa har yau in ta ɗanɗana miyar da aka yi da man kanti sai ta ɗan yamutsa fuska.

Mijinta Yacouba ne ya fara zuwa New York. Ya jima yana tallan huluna da tabarau a bakin titi kafin ya samu halin ɗauko ta. Gidan da suka kama haya yana can sama, tagar kicin ɗinsu tana kallon gangare, a ƙasan gangaren kuwa ga ƙaton filin wasan besbol. A hanyar da 'yan kallo ke bi daga tashar jirgin ƙasa zuwa filin Yacouba ya kafa teburinsa. Da farko don ciniki ya koyi wasan, saboda mai saye ya fi sakin jiki da wanda zai taya shi hirar abin da ya kawo shi. Daga baya abin ya shige masa jini, har ya kai in ƙungiyar da ke da filin ta sha kashi ba ya iya cin abincin kirki.

Ramatou kuwa haushin abin take ji. Ƙattai da gemunsu, in ji ta, sun tsaya a rana suna jifa da ƙwallon da bai fi lemo ba. Yacouba yakan ɗauki albasa a kicin ya nuna mata yadda ake riƙewa, ya ce ga mai jifa, ga mai bugu da sandarsa, ga wanda ke tsugune a baya yana cafewa.

"Mai jifan nan shi kaɗai ne a tsakiyar fili, Ramatou. In ya yi kuskure, kowa ya gani, ba shi da wanda zai laɓe a bayanshi."

"To aje mini albasata," ita ce amsar da yakan samu.

Shekarar da ɗiyarsu Zaituna ta shiga makaranta, ƙungiyar ta ɗauko wani saurayi siriri daga Jamhuriyar Dominika, mai jifa da hannun hagu. Sunansa dogo ne, Yacouba ya gajarta wa kansa wahala ya raɗa masa Bahago. Ya ƙwallafa rai a kansa tun ranar farko. Yakan ce baƙo ne kamarsu, Turancinsa ma bai kai nasa ba. Ranar da Bahago zai yi jifa, Yacouba kan naɗe teburinsa da wuri ya hauro gida ya kunna rediyo. Akwai wani abu da ke ba shi dariya kullum: ihun 'yan kallo yakan riga rediyon isowa. Sai taga ta kawo musu guɗar mutane, Yacouba ya ɗaga yatsa yana jira, sannan mai sharhi ya faɗi abin da ya faru. Haka suka zauna shekara da shekaru. Zaituna ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, gemun Yacouba ya yi fari, Bahago ya yi ƙiba aka yi masa aiki a gwiwar hannu ya dawo, Ramatou ta buɗe kantinta.

A farkon annobar korona Yacouba ya kwanta. Da numfashi ya gagara, motar asibiti ta zo, aka sauko da shi a kan kujera. Ganinta na ƙarshe da shi ke nan, a bakin matakala, yana ɗaga mata hannu ta koma ciki don ita ma zazzaɓin ya kama ta. A New Jersey aka binne shi, mutane ƙalilan suka raka shi. Ba a yi zaman makoki ba. Ta waya aka yi ta yi mata gaisuwa daga Tasawa da Maraɗi da Harlem, har kunnenta ya yi zafi, amma ba wanda ya taka ƙofarta.

Tana cikin takaba aka buɗe wasannin shekarar, ba tare da 'yan kallo ba. Wata rana da la'asar, Zaituna tana wurin aiki, shirun gidan ya yi wa Ramatou yawa, ta miƙa hannu ta kunna rediyon da ba a taɓa ba tun ranar da aka fita da mai shi. Bahago ne ke jifa. Can sai ta ji ihun jama'a ya cika rediyon. Ta juya ta dubi taga, ba komai. Ta buɗe tagar ta leƙa, gangaren shiru, filin a tsaye ba kowa a ƙofofinsa. Ashe muryoyin mutane aka naɗa tun shekarun baya ake sakawa don kada wasan ya yi kama da maƙabarta. Ta san a cikin waɗancan muryoyin akwai na mutanen da yanzu suna ƙarƙashin ƙasa. Tana tsaye a haka, Bahago ya yi wani jifa mai bugu ya kasa taɓawa, sai ta ji a bayanta, daidai inda kujerar Yacouba take, ɗan tsakin nan na jin daɗi da marigayin yakan yi in jifa ya yi kyau. Ta yi a'uziyya. Ba ta waiwaya ba, ba ta kuma kashe rediyon ba.

Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Zaituna. Amma tun daga ranar, duk sanda Bahago zai yi jifa tana gaban rediyo. Ba kullum take jin tsakin ba. Wani lokaci sai a yi wata guda, sannan ya dawo. A haka ta koyi wasan da kunne, wanda a da aka yi ta koya mata da albasa ta ƙi. Da ta sake buɗe kanti, ta sauko da rediyon ta ɗora a kan firji.

Shekaru suka ɗan ja, ƙungiyar ta lalace. Manyan 'yan wasan suka tsufa tare, aka fara sallamarsu ɗaya bayan ɗaya ana karɓo yara a madadinsu, wai za a sake gini daga tushe. A tsakiyar bazara magana ta iso kan Bahago. Wata ƙungiya ta can yamma da ke neman kofi tana son gogaggen mai jifa, kuma tana da samari da za ta bayar.

A kantin Ramatou gardamar ta kasance kullum tsakanin mutum biyu. Shitu, Bakano da ke aiki a ɗakin gwajin jini, yana ganin musayar ta zama dole. Wahab, direban tasi ɗan zangon Kumasi kuma tsohon abokin Yacouba, ba ya son ko jin zancen.

"Alhaji Wahab, ka duba gaskiya mana," in ji Shitu wata rana yana gutsurar tuwo. "Hannun nan ya gaji. Bana ne kaɗai wani zai karɓe shi ya ba mu yara masu jini a jika. Baɗi ko kyauta ba mai so."

"Yaran da ba wanda ya san su?" Wahab ya ture kwanonsa. "Mutum ya ba ku ƙuruciyarshi duka, an yanka hannunshi saboda ku, yanzu ku tura shi kamar tsohuwar mota?"

"Shi ma fa alheri ne a gare shi. Can zai iya ɗaukar kofi kafin ya yi ritaya. Nan me zai samu?"

Wahab ya juya wajen murhu. "Mma Ramatou, ke ba ki ce komai ba."

Ta ci gaba da juya miya. Ta san Shitu bai yi ƙarya ba. Da kunnenta ta ji yadda jifan ya rage ƙarfi, yadda mai sharhi ke yawan cewa an buga ƙwallon ya yi nisa. Abin da ta kasa faɗa musu shi ne tambayar da ke cin ta: in Bahago ya tafi, shi wancan tsakin fa?

"Mi zan ce?" ta amsa. "Ba su tambaye ni ba sanda suka kawo shi."

Zaituna, wadda ta yi aure ta koma unguwar Park Hill da ke tsallaken ruwa, ta lura uwarta ta rame a 'yan makonnin nan. Ba ta tambayi dalili ba, ta dai sayo tikiti biyu na wasan ranar Lahadi, wanda kowa ke cewa watakila shi ne na ƙarshen Bahago a rigar ƙungiyar. Ramatou ta ce ita ba ta zuwa, me za ta je yi cikin masu shan giya. Zaituna ta amsa da Turanci kamar yadda ta saba, ta ce Baba ya yi rabin rayuwarsa a ƙofar wurin nan, ya kamata ɗaya daga cikinsu ta ga abin da ke ciki da idonta.

Suka gangara da rana tsaka. A inda teburin Yacouba yake a da, wani Basenegale ne ke sayar da ruwan sanyi. Ramatou ta kau da kai suka wuce. Da suka fito daga matakala zuwa wurin zama, koren filin ya buɗe a gabanta, ta tsaya cak har na baya suka fara ture ta. Ba ta taɓa zaton ciyawa za ta yi kyau haka ba.

Sai ga Bahago ya fito. A ranta ta daɗe tana ganinsa saurayin nan siriri da Yacouba ke kwatanta mata. Wanda ta gani dattijo ne mai tumbi kaɗan, yana tafiya yana ɗan jan ƙafa, yana murza kafaɗa. Ya yi jifa da dabara, ba da ƙarfi ba. An buga masa wasu, ya kuɓuta daga wasu. Ramatou ta kasa kunne ta bayanta, amma hayaniyar ta yi yawa, ba abin da take ji sai mutane. Da wasa ya wuce rabi, kocin ya fito ya karɓi ƙwallon daga hannunsa. Filin duka ya miƙe tsaye ana tafi. Bahago ya cire hula ya ɗaga, ya juya ko'ina a hankali, ya shige.

A daidai lokacin ne ta hangi wani mutum 'yan layuka a ƙasansu, ya juya baya, da farar hula da kafaɗa ɗaya a sauke, yana tafi da hannuwa sama da kansa. Ta san wannan tsayuwar, sak ta Yacouba. Ta kama hannun Zaituna ta matse har yarinyar ta ce wayyo.

"Maman, lafiya?"

Kafin ta nuna mata, mutane suka fara zama, wasu suka ratsa ta gabanta da kwalayen abinci. Da hanya ta buɗe, kujerar ba kowa. Ramatou ta sauke hannunta.

"Ba komi. Rana ce ta yi mini yawa."

Bayan kwana kaɗan aka sanar da musayar. Wahab ne ya shigo kanti da labarin, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa kamar mai sanar da rasuwa, ya fita bai ci abinci ba. Shitu ya zo daga baya, ya ci tuwonsa, da zai tafi ya ce, "Maman Zaituna, a yi haƙuri." Ta ce masa ba laifinsa ba ne.

Ta ci gaba da kunna rediyon har ƙarshen shekara. Yaran da aka kawo ba su yi laifi ba, ɗaya daga cikinsu ma Shitu ya ce zai yi suna. Tsakin dai bai sake zuwa ba. Wani lokaci takan rage muryar rediyon ta tsaya da ludayi a hannu tana saurare, ba ta jin komai sai ƙarar firji da tafasar miya.

Da shekara ta zagayo, sabuwar ƙungiyar Bahago ta zo wasa New York, aka ce shi zai yi jifa ranar Asabar. Wahab ya yi mata tayin tikiti. Ramatou ta yi masa godiya, ta ce ba ta zuwa. Ranar Asabar ɗin ta rufe kanti tun kafin azahar, ta zuba dambu a kula ta kama hanyar Park Hill wurin Zaituna. Ta shiga jirgin ƙasa zuwa ƙarshen Manhattan, ta hau jirgin ruwa ta samu wuri a waje, inda iska ke kaɗawa. Wani mutum a gefenta yana kallon wasan a waya, can ya buga cinya ya yi ihu. Ta ɗauki kularta ta koma ɗaya gefen jirgin, ta zauna kusa da wata mata mai goyo. Jaririn ya kama bakin gyalenta yana ja, ta bar masa har suka isa gaɓa.